Wa Ya Dasa Mangwaron?

Tun da na hango mai siyen filin yana auna sansanin da ido, na ji ya sire mini. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, sai kaɗa makullin mota. Gidan mai zai gina, wai a nan inda 'yan sikawut ke kafa tanti tun ban san ciwon kaina ba.

Yayana Muntasir ne ya kawo shi. Kada ma a zage shi, ba kwaɗayi ba ne. Ɓarayin daji sun koro shi daga gonarsa ta wajen Kasuwan Garba, ya dawo Kontagora da mata da 'ya'ya, suna cunkushe a zauren surukinsa. In aka sayar da filin nan da Baba ya bari, ya samu rufin asiri. In ba a sayar ba, damina ta same shi a zaure.

Malam Yisa, shugaban sansanin, ya ce kyauta Baba ya ba su. Yaya ya ce aro ne. Babu takarda, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa mai unguwa ya tara mu da hantsi a gindin mangwaron da ke tsakiyar fili.

A wajenmu wanda aka ba aron ƙasa ba ya dasa itace. Ya shuka gero, ya shuka masara, ya kwashe abinsa. In mai ƙasa ya tsaya yana kallo aka dasa, to ya sallama ke nan har abada. Mai unguwa ya ce magana ɗaya ce: in Baba ne ya dasa mangwaron, alamarsa ce ya kafa, fili na magada. In 'yan sikawut ne a gabansa, an gama.

Na san wanda ya dasa, Yaya bai sani ba, lokacin yana makaranta a Minna. Na ja mayafi na sunkuyar da kai, ina roƙon Allah kada a bi ta kaina.

Aka juya ga Innarmu Fure. Tsohuwar Bakambara ce, ta tsufa a garin nan amma Hausarta ta ƙi zama. Mace ta ce mata shi, namiji ta ce masa ita, mun yi dariyar har mun gaji. Mai unguwa ya tambaye ta a hankali. Ta daɗe tana duban rassan, sannan ta ce, "Shi ya dasa."

Yaya ya sauke ajiyar zuciya. Mai siye har ya fara lalubo waya, tsabar zalama. Malam Yisa kuwa, wanda tun ɗazu yake tsaye ƙiƙam cikin kakinsa da ya koɗe, ya waiwayo. Kallona kawai ya yi sau ɗaya, ya kau da kai. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da an tashi a haka. To mai unguwa ma uwarsa Bakambara ce, ya san halin. Ya gyara zama ya ce, "Inna, shi wa?"

Ta ɗaga sanda ta nuna ni.

Yaya ya yi wuf ya ce ai duk ɗaya ne, Bashira 'yar gida ce, jinin Baba, abin da ta dasa gida ne ya dasa. Mai unguwa ya jinjina kai, ya ce wannan Bashira kaɗai za ta raba. Ranar da na dasa, da sunan wa na dasa?

Na dubi Yaya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi ya goya ni, shi ya raka ni gidan miji. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin Baba da ya tafi ya bar mini wannan kaya.

Amma ina tuna ranar sarai. Ranar dashen itace ce, an kawo mu 'yan mata daga firamare, an ɗaura mana ƙyallen wuya. Ni na sa dashen a rami, Baba na riƙe da bokiti yana dariya, ya ce wa Malam Yisa su ci 'ya'yan itacen su da jikokinsu.

"Ranka ya daɗe, da ƙyallen sikawut a wuyana na dasa," na ce. "Baba ne ya zuba ruwan."

Mai siye ya ja tsaki ya nufi motarsa. Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kakkaɓe hularsa, ya sa takalmi, ya bi ta gefena kamar bai taɓa sanina ba.

Inna ta bi bayansa da kallo, ta dafa hannuna. "Bashira, ina za ta? Ba ta ci abinci ba fa."

Ba wanda ya yi dariya.