Ganyen da Ke Kallon Ƙasa

Ƙanwata Auta, in ka shiga gidan mutane da ita, sai ta gaisa da labule kafin ta gaida masu gida. Wallahi ba sharri nake mata ba. Za ka ga ta ja gefe tana murza yadi tsakanin yatsu, tana leƙa bayansa ta ga yadda aka yi kalmasa, ni kuma ina ta yaƙe ina ba mutane haƙuri. Tun tana ƙarama haka take. A shagon ɗinkin Baba ta tashi, ƙarƙashin teburin yanka, tana tsince ƙyallaye tana jera su kala-kala. Da ta girma ta je ta karanto tsara ɗakuna, ta dawo mana da surutu ninki biyu.

Ni a otal nake aiki, ni ce shugabar masu gyaran ɗakuna. Da na ji za a sabunta hawa na uku gaba ɗaya, sai na yi ƙundunbala na kai maganarta wurin mai otal ɗin. Hajiya muke ce mata a gabanta, a bayan idonta kuwa Sau-Ɗaya, don sau ɗaya take kallon abu, sau ɗaya take magana, ta wuce. Ta ce a ba Auta ɗaki guda ta tsara, a ba wani babban kamfani ɗakin da ke kallonsa. Wanda nasa ya yi mata, shi ke da hawan duka. Auta ba ta taɓa yin aikin da ya wuce falon ƙawaye ba. In ta samu wannan, kakarta ta yanke saƙa. In ta faɗi, shi ke nan, Hajiya ba ta waiwayar mutum.

Daga ranar ba mu sake jin kunnenmu ba a gida. Ana cin abinci tana yi mana bayanin abin da ya sa ba a sa farin kafet a otal. Tana wanke-wanke tana maganar allon kan gado. Amma labulen shi ya fi ɗauke mata hankali. Ta zaga shagunan yadi har takalminta ya cinye kafin ta same shi: ruwan ƙasa mai haske, da siraran rassa masu ganye suna hawa sama, kalarsu ta ɗara ta yadin duhu kaɗan kawai. Bugawa aka yi, ba saƙawa ba, in ka shafa sumul za ka ji.

"Baba ka gani? Baƙo ya shigo a gajiye, ya kwanta, idonsa ya bi ganyen nan sama, sai ya ji rufin ɗakin ya ƙara tsawo. Ka gani ko?"

Baba ya shafa yadin, ya ce, "Na gani, Auta. Ya yi kyau."

Ɗinki kuwa ko shawara ba a yi ba. Baba ne. Tun kafin a haife mu yake ɗinka labule, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba, wannan maganar mun ji ta har mun haddace.

Ranar da Hajiya za ta duba, komai ya kammala tun safe, sai labule. Baba ya riƙe shi, wai yana ƙara bin sa da guga. Sai da rana ta take ya iso, ya rungumo shi da kansa, tef ɗin awonsa a wuya, ya saka hular da yake zuwa unguwa da ita. Hajiya da la'asar za ta hau.

Auta ta hau tsani, ni ina miƙa mata, tana maƙala ƙugiyoyi a sanda tana ta zuba. Muka rataye na hagu, muka rataye na dama. Ta sauko, ta ja su suka haɗu a tsakiya, ta ja da baya har jikin gado don ta kalla.

Sai na ji shiru.

Duk wanda ya san Auta ya san shirunta ba lafiya ba ne. Na juya na kalli tagar. A ɓangaren hagu ganye na hawa sama yadda ta so. A ɓangaren dama kuwa duk sun juya kai, suna kallon ƙasa kamar an kwana ba a ba su ruwa ba. Ɗinkin kansa ba abin cewa, layi ya miƙe, tattara ta zauna daram. Amma an kifa yadin.

Baba na tsaye a tsakiyar ɗakin, hannu a baya, yana fuskantar tagar.

"Ya zauna ko?" ya ce.

Na buɗe baki. Auta ta damƙe min hannu har sai da farcenta ya shige ni.

"Ya zauna, Baba," ta ce. "Ka sauka ɗakin ma'aikata ka sha shayi, ka huta. Za mu ƙarasa."

Na raka shi har bakin lif, na danna masa, na dawo da gudu-gudu na turo ƙofa.

"Ke! Ba ki nuna masa sama da ƙasa ba ne?"

"Yaya, Baba zan nuna wa sama da ƙasa? Shi ya koya min."

"To tsufa ne, mantuwa ce. Sauke mu juya shi."

"A juya yaya? Sai an farke tattarar nan duka, an cire shafi, an warware kalmasa, a mayar da ƙasa sama. Ko da keken ɗinki biyu ba za mu gama yau ba." Ta zauna a bakin gadon da ta hana kowa taɓawa tun safe. "Yaya, ba mantuwa ba ce. Baba ba ya ganin ganyen nan."

"Rufe min baki! Mutumin da ya zo nan da ƙafarsa?"

"Yaushe rabon ki ga ya zura zare a allura da kansa?"

Na so in yi mata tsawa, sai na tuna yadda kwanan nan yake cewa fitilar shago ta rage haske, an canza ƙwai har an gaji. Na tuna ranar da ya zuba shayi ya cika kofi ya malala a tire, muka yi ta dariya har da shi. Na tuna ya daina karɓar yadi mai zane, wai ya fi son aiki mai natsuwa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

Amma ni ba a bar ni da lokacin kuka ba, don na san Hajiya.

"Tashi," na ce. "Zuge shi, mu ɗaure kowane ɓangare a gefe. In yana tattare ba mai gane inda ganye ya dosa."

"In ta ja fa?"

"Ki cika ta da surutu kada ta ja. Yau dai bakin nan naki ya yi mana rana."

Ban gaya mata abin da na sani ba. Hajiya ba ta taɓa shiga ɗaki ta fita ba ta ja labule ba. Ta tsani haske ya saci hanya ta tsakiya ya tashi baƙo daga barci. Na sha faɗa a kan haka ba sau ɗaya ba.

Muna cikin ɗaure igiya ta biyu muka ji ƙarar takalmin Hajiya a baranda. Ko la'asar ɗin ba ta yi ba. Ta fara shiga ɗakin kamfani. Muna jin muryar mutuminsu yana ta zayyano bayani, ita ko uffan. Ba a jima ba muka ji ƙarar ƙugiyoyi a kan sanda, shuuu, ta ja nasu. Auta ta kalle ni. Na kau da kai.

Ta shigo, manaja na bin ta a baya. Ba ta amsa gaisuwarmu da baki ba, kai kawai ta ɗaga. Ta danna katifa. Ta buɗe durowa ta rufe. Ta kunna fitilar gefen gado.

Auta ta fara magana a tsorace, amma tana kaiwa kan yadi sai ta manta tsoro. Ta ce allon kan gadon ta lulluɓe shi da yadi mai duhu ne saboda man gashi, kuma ana zare rigar a wanke. Ta ce kafet ɗin mai ɗigo-ɗigo ne don tabon shayi ya ɓace a ciki. Ta ɗaga matashin kujera ta nuna inda ta ɓoye zif don kada ya karci baƙo. Ta ce kujerar da gangan ta ajiye ta inda mutum zai miƙa hannu ya kai ga soket ba sai ya durƙusa ba. Idonta har ƙyalli yake. Wallahi duk da halin da nake ciki sai da na ji alfahari da yarinyar nan.

Hajiya ta zauna a kujerar, ta miƙa hannu, ta taɓa soket ɗin. Na ga gefen bakinta ya motsa. A wurinta wannan dariya ce.

Sai ta miƙe ta nufi taga.

"Hajiya, banɗakin ma," na yi caraf, "ta canza madubi, da kin leƙa..."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kwance igiyar hagu, ta kwance ta dama, ta ja. Labulen ya haɗu tsaf, ko zaren haske bai shigo ba. Ta ja da baya. Ta kalli hagu, ta kalli dama.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

Muka juya gaba ɗaya. Baba ne a bakin ƙofa, ya gyara zaman hularsa, yana murmushi. Ashe shayin bai zaunar da shi ba, so yake ya ji yabo da kunnensa.

"Mahaifinmu ne, Hajiya," na ce.

"Bismillah, Baba, matso," in ji ta. "Dubi nan. Me ka gani?"

Ya taka a hankali har jikin tagar. Ya kama bakin labulen ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har inda hannunsa ya kai. Ya ɗaga kalmasar ya shafa.

"Layi a miƙe yake, ranki ya daɗe. Ko ya ja ƙasa ne? In tsawo ne yanzu zan rage."

Manaja ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ni na yanka, Hajiya," Auta ta ce da sauri. "Ni na yanka na ba shi, shi ɗinki kawai ya yi. Ni na kifa yadin."

Hajiya ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke? Ke da kika lura da zif, ba ki ga ganye sun kalli ƙasa ba? To in haka idonki yake, ba zan ba ki hawa guda ba."

Kai, na ji kamar in shaƙe Auta, na kuma ji kamar in rungume ta. Ta tsaya ƙyam, hawaye ya cika mata ido, ba ta janye maganarta ba.

Baba bai saki labulen ba. Na ga murmushin ya bar fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya matso da yadin dab da idonsa, har yana taɓa hancinsa, ya daɗe a haka. Sannan ya sake shi.

"Ƙarya take yi, ranki ya daɗe," ya ce. "Ba ta taɓa yi min ƙarya ba sai yau. Almakashina ba mai taɓa shi. Ni na yanka. Tun ranar da ta kawo yadin nan take ce min ganye, ganye. Ni ban ga ganye ba. Na shafa ko hannu zai gaya min, bai gaya min ba. Sai na yanka na ce Allah ya sa a dace. Idon yarinyar nan lafiyarsa ƙalau. Nawa ne ya tafi."

Ban san sanda na toshe bakina da mayafi ba.

Hajiya ta sake bin ɗakin da kallo, gado, kujera, kafet. Ban taɓa ganin ta kalli abu sau biyu ba sai ranar.

"Ɗakin ya yi min," ta ce wa Auta. "Ya fi na can. Hawan naki ne. Amma ɗinki kamfanin can za su yi, har da gyaran wannan. Kin yarda?"

Auta ta kalli Baba. Ta kasa cewa komai. Yarinyar da ba a taɓa roƙonta magana ba.

"Ta yarda," in ji Baba.

Hajiya ta ɗan russuna masa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba, ta fita, manaja ya bi ta ya ja ƙofa.

Muka rage mu uku. Ba wanda ya yi murna. Ni haushi ma nake ji, na rasa na wa, sai na hau gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi. Baba ya zare tef ɗin daga wuyansa, ya naɗe shi a hankali yadda yake yi in zai rufe shago, ya saka a aljihu.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wane irin ganye ne wai?"

Ta share fuska da bayan hannu. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan ɓangaren hagu, ta fara bi da shi.

"Nan reshen ya faro, Baba. Siriri ne. Ga ganye ɗaya nan, dogo, bakinsa da tsini. Ga wani ya fito ta wannan gefen, ya ɗan lanƙwasa. Sai ya ci gaba da hawa..."

Yana bin hannunta, kansa a ɗage, har ta yi ɗage ta kasa kaiwa. Shi ya ƙarasa da yatsansa shi kaɗai, sama, inda yake zaton reshen ya bi.

"Haka?" ya ce.

Ya kauce wa reshen da kusan taƙi guda. Na gani, ita ma ta gani.

"Haka, Baba," ta ce.