Inna Ta Ƙarasa Maganarta

Shekaru masu yawa Inna ta yi tana dafa abincin sayarwa a wata rumfa bayan tashar mota. Itace take hurawa safe da rana, wani busasshe wani ɗanye, hayaƙi kuwa ta sha shi kamar ruwa. Da wannan girkin aka yi karatun yara. Sai da girma ya fara kama ta hayaƙin ya waiwayo. Tari ya fara zuwa, sannan haki, har ta kai daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta tsaya ta dafa bango. Ta bar wa 'yar ƙanwarta rumfar, ta dawo gida ta zauna.

Ba zaman ne ya fi ci mata rai ba, magana ce. Numfashinta ba ya kai ta ƙarshen zance. Za ta ɗauko magana, kalma biyu ko uku, sai iska ta ƙare, ta tsaya tana nema. A nan mijinta yake shigowa. Mai gyaran rediyo ne, unguwa duka Injiniya take ce masa, ita kuma Malam take kiran sa. Mutum ne mai tausayi da gaggawa, ba ya iya ganin waya a katse bai haɗa ba. Da zarar ta tsaya sai ya ƙarasa mata.

"Malam, ina son..."

"Shayi," in ji shi. "Auta, ɗora wa Innarki ruwan shayi."

Numfashin da za ta kashe wajen gyara masa ya fi na shan shayin yawa, don haka sai ta karɓa ta sha. Shi kuwa ya fita yana faɗa wa abokansa cewa tun kafin matarsa ta buɗe baki ya san abin da ke ranta.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke koyarwa a makarantar firamare, ita ke kai ta babban asibiti wurin masu duba huhu. Wata rana Injiniya ya rufe shago ya bi su. Likitar da suka gani 'yar firit ce mai farin gilashi. Ta haska hoton ƙirjin Inna a allon kwamfuta, ta juyo da shi yadda kowa zai gani.

"Inna, kin ga wannan ɓangaren na sama? Ya lalace, ya saki kamar tsohon balan-balan. Iska tana shiga ta ƙi fita, sai ya kumbura ya danne ɓangaren da ke da sauran lafiya. Muna wani bincike a nan asibitin. Akwai wasu 'yan marufai, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba. Ta maƙogwaro muke zura su da siririn bututu har bakin ɓangaren da ya lalace, ba yanka. Tsohuwar iskar za ta fita, sabuwa ba za ta shiga wurin ba. In ya sace, lafiyayyen sai ya samu wurin buɗewa."

Injiniya ya gyara zama, an zo fagensa. "Wato kamar bawul ɗin tayar keke, amma a juye."

"Kusan haka ne, Baba," in ji likitar tana dariya. Sannan ta faɗi sauran, ba ta ɓoye komai ba: ba kowa abin yake yi wa ba, huhu yana iya yoyo a kwanakin farko, kuma ba sabon huhu za a ba Inna ba. Ta dubi Inna ta ce, "Me kika gani?"

"Ni dai... na..."

"Tana tsoro," in ji Injiniya.

"Baba, bari mu ji daga bakinta."

Inna ta ja iska, ta sake ja. Injiniya ya riƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, har gumi ya tsatso masa don haƙurin da bai saba ba.

"Na yarda," in ji Inna.

Sai gwaje-gwaje. Aka sa ta busa wani bututu, Sista mai kula da sashen tana tsaye a kanta tana cewa ta busa, ta ƙara, ta ƙara, har Injiniya da ke gefe ya kama busawa shi ma bai sani ba. Aka sa ta tafiya a doguwar barandar asibitin ana duba inda ƙarfinta zai kai. Bai kai ko'ina ba. Daga baya aka kira Auta a waya aka ce huhun Inna irin wanda ake nema ne.

Ranar aikin aka yi mata allurar barci. Da ta farka, maƙogwaronta ne kawai ke kaikayi. Injiniya ya yi ta zagaya gadon yana neman inda aka ɗinke, ya rasa. Ya tambayi Sista ko dai an fasa ne. Sista ta ce an gama tun ɗazu. Ya ce shi ko rediyo sai ya kwance baya kafin ya taɓa ciki.

Aka riƙe ta a ɗakin jinya ana lura da ita. Kwanakin farko Inna ba ta ji wani canji ba, sai tari da ɗan zafi a ƙirji. A ranta ta ce, to, an dai gwada.

Wata safiya Injiniya ya shigo da filas ɗin shayi. Ya ajiye, idonsa ya faɗa kan fankar da ke tsaye kusa da gadon, wadda ke ɗan ƙara in tana juyawa. Kafin a ce kwabo ya zaro sukundireba daga aljihu ya durƙusa.

"Malam, don Allah ka rabu da fankar mutane, ba kai ka kawo ta ba, in ka kwance ka kasa mayarwa Sista za ta kore mu daga ni har kai, kuma rigar nan a baibai ka sa ta, tun da ka shigo nake kallon ɗinkin."

Sukundireban ya faɗi ƙasa. Injiniya ya ɗago a hankali. Inna ma ta dafe ƙirji, tana jiran hakin da ya saba biyo baya. Ya zo, amma ɗan kaɗan, kamar na wanda ya ɗan yi sauri.

"Innarsu, ke kika faɗi wannan duka?"

"To wa ya faɗa, fankar?"

Dariya ta kama ta. Ta daɗe tana tsoron dariya, don tari ne ke biyo ta ya sarƙe ta har idanu su yi ja. Ta yi ƙoƙarin dannewa, ta ƙi dannuwa. Ta fito tun daga ciki, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, na'urar da aka maƙala mata a yatsa ta zame ta kama kuka. Sista ta shigo da gudu, ta tarar da majinyaciya tana dukan katifa, mijinta kuma a tsakiyar ɗaki yana kokawar juya riga, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Inna, a hankali," in ji Sista tana mayar da na'urar. Ta duba lambar da ta fito, ta yi murmushi ta fita kiran likita.

Abin nema ya samu. Inna ta jingina da matashin kai, kanta yana ɗan juyawa kamar na wadda ta sauko daga lilo.

"Malam, jawo kujera ka zauna, akwai magana."

"Bari in zuba miki..."

"Shayin nan shi ne maganar farko. Ban taɓa son sa ba. Taga nake so a buɗe mini. Kullum in ce ina son, ka ce shayi. Na sha shayin da in aka tara shi zai ɗaga kwalekwale."

Matar da ke gadon kusa ta ja mayafi ta rufe fuska, gadonta na girgiza.

"Sai labulen ɗakina. Ka ɗago shi a shago ka ce ya na gani. Na ce wannan koren ya yi, ka ce kyau, ka saya. Duhu nake son in ce. Sai ranar da ƙanenka ya zo neman ɗakin baya. Na ce ni dai ba na, ka juya ka ce masa ba ta damuwa. Mutumin nan wata ɗaya ya ce zai yi. Yanzu har akurkin kaji ya kafa mini a gindin igiyar shanya."

"Ai na ɗauka..."

"Ban gama ba. Ranar da ka gyara rediyon maƙwabci kana ta ba ni labarin wayoyin cikinsa, na ce Malam ka yi, ka ce ƙoƙari, har ka yi mini godiya. Shiru nake nufi."

A nan Injiniya shi ma ya fashe. Ya yi dariya har ya zame daga kujera ya dafa ƙarfen gado. Da ya samu kansa ya share ido da gefen rigar, ya ce, "Ni fa ba zan iya kallon ki kina neman iska ba. Da na ga kin tsaya, duk abin da ya zo bakina sai in jefa, don dai ki huta."

"Na sani, shi ya sa nake sha," in ji Inna. "Amma kajin nan za su tashi."

Auta ta iso bayan an tashi daga makaranta. Tun daga ƙofa ta ji murya tana zuba, ta duba lambar ɗakin ko ta yi kuskure. Inna ta hango ta, ta ce ta shigo mana, ta tsaya kamar baƙuwa, kuma wane ne wannan malamin lissafin da ke yawan kiran ta da yamma, don ita Inna kunnenta lafiyarsa ƙalau, baki ne dai babu. Auta ta zauna a bakin gado tana kuka tana dariya, ta ce da ta san haka ne da ta riƙa fita waje amsa waya.

Kafin a sallame ta aka maimaita gwajin tafiya a baranda. Sista ta gargaɗe ta cewa ban da magana, don magana tana cin numfashi. Inna ta ce ta ji. Ta ɗauki hanya, Injiniya na biye da kujerar roba ko za ta nemi zama. Ta wuce inda ta tsaya wancan karon ba ta ko lura ba. Ta ci karo da mai goge ƙasa, ta gaishe shi da aiki, ta tambayi iyalinsa. Ta ga wani tsoho da tukunyar iska a gefensa yana jiran layi, ta rage tafiya ta ce masa kada ya ji tsoro, ba yanka, ita ma ga ta. Ta leƙa ɗakin masu ɗaukar hoto ta yi musu sannu.

"Inna, kina ɓata mini gwaji," in ji Sista.

"'Yar nan, yi haƙuri, gaisuwa ce ta taru mini."

Da aka kai ƙarshe ta juyo, sai ga Injiniya can baya ya dasa kujerar ya zauna a kai yana fifita da hannu.

Likitar ta zo sallama. Ta ce abin ya yi kyau, amma Inna ta ci gaba da shaƙa maganinta, ta nisanci hayaƙi, ta riƙa zuwa ana dubawa, don daga irinsu ake koyon yadda za a yi wa na baya. Inna ta ce ko kullum ake so za ta zo, kuma tana da shawarwari game da abincin asibitin. Likitar ta duba agogo ta ce sai wani zuwan.

Aka sallame ta, ta koma gida. Inna ba ta koma yarinya ba. Hawan bene har yanzu sai da hutu, in an yi ruwa tari yakan leƙo. Amma tana share ɗakinta, tana zuwa bakin famfo ta dawo ba ta dafa bango ba. Ƙanen Injiniya ya samu ɗaki a wata unguwa, ya ce iskar can ta fi karɓar kajinsa.

Wata safiya Auta ta fita za ta makaranta. Inna ta raka ta ƙofar gida, ta tsaya tana kallon ta har ta wuce shagon mai aski, ta wuce mai faci, ta kusa kwanar da ake shiga mota. Sai wani abu ya taso wa Inna. Ta cika ƙirji da iska, ta sa hannu a gefen baki ta ƙwala kira.

"Auta!"

Kiran ya ratsa layin tun daga farko har ƙarshe. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, mutumin da yake yi wa aski na biye da shi da rabin kai. Mai faci ya saki tayar da yake dubawa a ruwa. Maƙwabciya ta buɗe taga tana tambayar wa ya faɗi. Auta ta juyo da gudu, jakarta na dukan ƙugu, ta iso tana haki.

"Inna, lafiya? Me ya faru?"

Inna ta zauna a dakalin ƙofa, dariya ta hana ta magana, ta yi ta ɗaga hannu alamar a jira. Kowa ya jira.

"Ba komai," ta ce. "So nake in ga ko zai kai."

Auta ta rasa motar farko, ta makara ranar.