Ruwan da Ya Kwana a Tukunya

Kuramochi ya ɗaga kan ɗan jirgin ƙasan da hannu biyu, ya kai shi kusa da kunnensa ya girgiza a hankali. Ni ma da nake tsaye a bakin ƙofa da kwandon rigunansa na ji motsin ruwa a ciki.

"Maigidanki bai yi jinya ba," ya ce wa matar da ta kawo shi.

Sunanta Ogiwara, daga garin Numata ta zo da jirgin naɗe cikin tawul. Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta ce haka ne. Wata ranar Lahadi mijin ya kunna shi a lambu, ya shigo ya ce bari ya sha shayi ya koma, shi ke nan bai koma ba.

Kuramochi ya ce ai ya sani. Duk mai irin wannan jirgi, in ya gama wasansa, ba ya shiga ɗaki sai ya zubar da ruwan tukunyar tun da ɗuminta. Wanda aka samu ruwa a jirginsa, ko dai sakarai ne, ko kuwa ba a ba shi lokaci ba. Ya shafa ƙafafun jirgin da babban yatsa ya ce, "Wanda ya goge waɗannan kuwa ba sakarai ba ne."

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon wanki da gugata da gidan Kuramochi, tun ina da ƙarfin ɗaukar bargo jiƙaƙƙe. Sana'arsa duba tsofaffin jiragen ƙasa na wasa da gyara su, waɗanda ba su wuce tsawon hannu ba amma da wuta da tururi na gaske suke tafiya. Shekara da shekaru yana kwashe mini tataccen ruwan da nake zuba wa dutsen guga, wai na famfo yana toshe masa tukwane. Ni ina ce masa Direba, shi yana ce mini Uwar Tururi, kuma ban taɓa yarda a gabansa cewa abin nasa yana burge ni ba.

Ranar ya ɗora jirgin a kan faifan gilashi ya tura shi da yatsa, ya ga ko akwai ƙafar da ba ta taɓa ƙasa. Ya shinshina bakin tukunyar, ya hura wani siririn bututu, iskar ta fita ta gefe. Sanyin hunturu ne ya daskarar da ruwan, ƙanƙarar ta tsaga bututun. Matar ta ce ba sayarwa ta zo yi ba. So take kafin bikin Obon, lokacin da mamata ke dawowa gida ziyara, jirgin ya ƙarasa zagayen da ya fara, don kada mijin ya zo ya tarar da shi a mace. Kuramochi ya ce jirgin zai yi tafiya.

Tana fita na juyo kansa, don raina ya ɓaci. Mutumin da huhunsa ya ƙare, robar oksijin a hancinsa dare da rana, likita ya hana shi ko kusantar murhu, shi ne zai yi alkawarin aikin da daga liƙin dalma har kunna lagwani duk wuta ne?

"Wa ya ce miki ni zan kunna?" ya ce. "Ga ki nan."

Haka na zama hannunsa. Ina rufe shago da la'asar sai in zagaya ƙaramin lambunsa, inda layin dogo ya kewaye wata bishiya mai jajayen 'ya'ya da ake kira kaki, shi kuma yana zaune a kujera daga cikin ɗaki, gilashin taga a tsakaninmu. In ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, in ci gaba. In ya yi ta bugawa, to na yi ɓarna. Bututu biyu na ƙone kafin na uku ya kama. Ya ce yadda nake malala mai ko mai suyar kifi sai haka, na ce in ya fi ni iyawa ya fito. Sai dariya ta kama shi ta zame masa tari, na tsaya da ƙarfen liƙi a hannu ina jiran numfashinsa ya dawo. A lokacin ne tsoro ya fara kama ni da gaske.

Cikin makonnin nan na lura yana bin jiragensa na kan kanta ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe su, yana kifewa a kan tsumma, yana hutawa tsakanin kowanne. Na ce masa ai busassu ne, ya bari.

"Abokaina za su zo kwasa bayan raina, Tomie," ya ce, ya kira ni da sunana na ainihi, "kuma na san su, sai sun girgiza. Ni ba za a girgiza nawa a ji ruwa ba."

Ranar da Ogiwara ta dawo, ana zafi mai ɗanko, ƙwarin bishiya na ta kuka. Na zuba ruwa, na zuba sifirit, man da wutarsa ke ci, na kunna lagwani, muka tsuguna muna jira. Da tukunyar ta fara huci na buɗe tururin. Jirgin ya motsa, ya yi ɗingishi, ya tsaya a gindin bishiya. Matar ta sunkuyar da kai. Sai na ga Kuramochi ya zuge tagar kaɗan, ya karkato kunne, ya ce in sake. Na sake, ya saurara idonsa a rufe, sannan ya ce in ɗan sassauta ƙusar da ke gefen hagu, kaɗan, kamar mai tsoron ta ji. Na yi. Jirgin ya tashi yana numfashi daidai wa daida, ya wuce bishiyar, ya wuce tukwanen furanni, ya dawo gabanmu ya sake wucewa. Ogiwara ta durƙusa a kan tsakuwa, hannunta a baki, tana bin sa da ido.

Da wutar ta mutu ban jira a gaya mini ba, na kife tukunyar na zubar da ruwan tun da ɗuminsa. Matar ta yi ta sunkuyawa tana godiya ta taga, shi kuwa ya ce mai liƙin za ta gode wa. Bayan ta tafi ya nuna mini wani ƙaramin jirgi kore a saman kantar, wanda bai taɓa bari kowa ya taɓa ba.

"Lahadi mai zuwa wannan za ki tuƙa, Uwar Tururi. In kin rage mai."

Ran Juma'a da safe na kai masa miyar miso ta waken suya na tarar da shi a kujerarsa, fuskarsa ga lambu, injin oksijin na ta aiki shi kaɗai. Na zauna a ƙasa kusa da shi na yi kukana kafin na kira kowa.

Bayan an gama jana'iza 'yarsa Mihoko ta ba ni makulli, ta ce abokan babanta za su zo da rana, ita ba ta san kan waɗannan abubuwa ba. Na riga su shiga. Na bi kantar kamar yadda ya yi, ina ɗagawa ina girgizawa a kunnena, kowanne shiru, a bushe ƙarau. Sai na zo kan koren. A kan tebur yake, an sa masa sabon lagwani, kwalbar ruwana a gefensa. Na ɗaga shi, ruwa ya motsa a ciki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa mutane faɗa a kan wannan, shi ne ya kasa jiran Lahadi ya cika tukunya.

Na daɗe riƙe da shi. Da na ji tsayuwar mota a waje, na fita lambu ta ƙofar baya, na kife shi a gindin bishiyar kaki. Ruwan bai wuce cikin tafin hannu ba. Na tsaya har ƙasa ta shanye shi, na goge jirgin da bakin rigata, na mayar da shi saman kanta cikin 'yan uwansa.