Keken Inna Ba Tirela Ba Ne

Baba Direba ya yi shekara da shekaru yana jan tirela a hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi, bai taɓa kayar da kaya ba. Sai ga shi da furfurarsa, keken ɗinkin matarsa, abin da bai kai teburin mai shayi girma ba, ya hana shi sakat.

Shi ya jawo wa kansa. Tun da ciwon baya ya kwantar da Inna, matar tasa, ya tafi da ƙarfin ƙafafunta, keken yake a kusurwar ɗaki lulluɓe da tsohon zane. Innar da a da ake jin muryarta har ƙarshen layi in tana faɗa da masu kawo ɗinki ta koma daga "to" sai "a'a", fuskarta kullum a bango. Rannan babbar 'yarsu ta zo dubiya, ta tsaya tana kallon keken.

"Baba, abin nan ya tare wuri, kuma ganinsa ƙara wa Inna damuwa yake. Ƙanwar mijina na koyon ɗinki. Ƙarshen mako zan zo da mota a kai mata, ya fi a bar shi ya yi tsatsa."

Baba ya ga yadda Inna ta damƙe bakin zanen gado, ya kuma san ran da aka fita da keken nan an fita da ɗan abin da ya rage na matarsa.

"Wa ya ce miki babu mai takawa? Ni zan taka."

'Yar ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, Baba? Ko maɓallin rigarka ba ka taɓa ɗinkawa ba. To shi ke nan, in na zo na tarar ka ɗinka ko rigar filo ce, na bar maka shi."

Washegari ya yaye zanen, ya zauna, ya gyara kujera kamar mai shirin doguwar tafiya. A ganinsa inji inji ne. Zura zaren kaɗai ya cinye masa hantsi: ya bi ta nan, ya zagaya ta can, ya ratsa wata ƙugiya, sannan a ce ya shiga ramin allurar da ko da tabarau ba ya ganinsa. Da ya samu ya shiga, sai ya danna matakin da ƙafa ya riƙe, yadda ake yi wa totur. Keken ya yi ƙwas sau ɗaya ya tsaya. Ya sake dannawa, tayar ta juya da baya.

"Wa ya sa ka a ribas?" ya daka wa keken tsawa.

Ya ɗaga yadin, ya tarar zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Ya warware, ya sake, ya sake cukurkuɗewa. Takaici ya ishe shi. Ya duba gado, ko Inna za ta ce wani abu, amma bayanta kawai ya gani. Ya yanke hukunci irin na direbobi, cewa duk injin da ya yi gardama ƙishirwa yake ji. Ya fita ya dawo da galan ɗin baƙin man da ya rage masa tun zamanin tirela, ya fara ɗurawa a duk ramin da ya gani.

Warin ne ya juyo da ita.

"Malam, me kake zuba masa?"

"Mai."

"Wane mai? Innalillahi! Baƙin mai a kekena? Ajiye! Na ce ajiye! Ɗauko tsumma. Ga 'yar kwalbar mansa can a aljihun teburin, ɗigo ɗaya ake sa masa, ba wanka ba."

Rabon da ya ji ta haɗa magana mai tsawon haka har ya manta. Daɗi ya kama shi, amma bai samu sukunin jinsa ba, don faɗan bai tsaya nan ba. Ta sa ya jingina ta da filo, daga kan gadon ta buɗe makaranta, kuma ba a taɓa yin malama marar haƙuri irinta ba.

"Fara juya tayar da hannu, ta wajenka. Wajenka na ce! Diddige, yatsu, diddige, yatsu. Lilo ake yi, ba birki ba."

Gaskiya ƙafar ba ta ba shi wuya ba. Ƙafar da ta saba da kuloci da totur ta gane lilon kafin a je ko'ina, har keken ya fara fitar da sautinsa na da, tiri-tiri-tiri, ba gargada. Hannun ne bala'i. Da yadi ya fara tafiya sai ya cafke shi da hannu biyu kamar sitiyari, ya ja dama, ya ja hagu. Ɗinkin ya fito a karkace kamar sawun maciji, yadin ya tattare, allura ta yi ƙas ta karye.

"Sakar masa! Keken yana da haƙoransa, shi ke jan yadi. Kai naka ka ɗora hannu kawai."

"In saki? Abu yana gudu in saki? A ina aka taɓa yin haka?"

"A nan ake yi!"

Ya gwada sakewa, hannun ya ƙi. Da ya ga layin ya ɗan kauce sai yatsun su damƙe da kansu. Allurai suka yi ta karyewa, tsofaffin zannuwan gidan suka ƙare a gwaji. Ranar da 'yar za ta zo, abin da ke hannunsa bai yi kama da rigar filo ba, ya fi kama da jakar da akuya ta tauna. Ya jefar da shi ƙasa, ya zauna yana huci.

"Na gaji. Ta zo ta ɗauka. Ni da na ratsa duwatsu da kaya har sama, a ce ƙyalle ya fi ƙarfina!"

Inna ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. Can ta ce, "Ɗauke ni ka kai ni kujerar."

"Ki yi me? Ƙafar..."

"Na tambaye ka labarin ƙafa? Janyo keken tsakiyar ɗaki. Sai ka ɗauko kujerar tsakar gida ka zauna ta bayansa, ka miƙo ƙafarka kan matakin. Hannuwanka kuwa ka zauna a kansu, kada in gan su."

Ya yi yadda ta ce. Ta shafa yadin, ta daidaita bakinsa a ƙarƙashin allura. Ta juya tayar.

"Taka."

Tun daga ƙofar gida 'yar ta ji sautin, da samari biyu a bayanta da ta ɗauko don ɗaukar kaya. Ta ɗaga labule ta tsaya cak. Ga uwarta zaune a bakin keke, yadi na zarcewa a ƙarƙashin tafinta, layi miƙe sambal. Ga ubanta a ɗaya gefen, gumi har wuya, ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya.

"A hankali, Malam, kwana ce! Tsaya. Na ce tsaya, kurma ne kai?"

"Kin gani ko?" Baba ya ce wa 'yar. "Duk tsawon rayuwata ina riƙe da sitiyari, yau an mai da ni inji. Ko injin ma ba a zaginsa haka."

'Yar ta sa gefen mayafi ta goge ido. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke kuma kin tsaya kin tare min haske. Sallami yaran nan, ki miƙo min almakashi. Malam, wa ya ce ka huta? Taka."