Tuta ta Bakwai

Igiyar ta maƙale a sama kamar yadda ta saba. Mai Tuta ya ɗan sassauta ta, ya karkaɗa sau biyu, sai ga ta tana tafiya. Shekara ashirin da shida yana fama da ƙugiyar wannan sanda, ya rubuta takarda a canza ta ya fi a ƙirga, ba wanda ya kula. Yanzu kuwa ko an canza ba ta da sauran amfani.

Sanduna goma sha biyu ne a jere gaban hedkwatar Ƙungiyar ƙasashen yankin, kowace da tutar ƙasa ɗaya. Aikinsa ya ɗaga su da safe, ya sauke da yamma, ya wanke wadda ta yi datti, ya ɗinke wadda iska ta ci bakinta. Sunansa na yanka yana can cikin fayil, amma har shugaban ma'aikata Mai Tuta yake ce masa. Ta bakwai a layin ita ce ta ƙasarsu. Bara war haka gwamnatin can ta rubuto cewa ta fita daga Ƙungiyar, yau kuma wa'adin yake cika. Ƙarfe huɗu za a sauke tutar, daga nan shi ke nan.

Saja maigadi ya fito daga rumfarsa da kofin shayi, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai sabuwa ce fil. Ina ka samo ta?"

"A sito."

"Kai dai ba ka rabo da abin mamaki. Shekara da shekaru ka bar ta kamar tsumman goge mota, sai ranar sallama za ka yi mata kwalliya?"

Gaskiya Saja ya faɗa. Ƙa'ida ita ce sau biyu a shekara ake sauya kowace tuta. Shi kuwa tun farkon zuwansa ya tsani a ce ya yi son kai, saboda haka ta ƙasarsu ita yake bari ta ƙarshe. In bakinta ya yage ya datse, ya kalmashe, ya bi da keken ɗinki. Ya datse, ya sake datsewa, har takan gaza 'yan uwanta tsawo da kusan taƙi guda. Ba wanda ya taɓa sa shi, ba kuma wanda ya taɓa yi masa godiya. Jiya da ya sauke tsohuwar ya shimfiɗa ta a tebur, kunya ta kama shi. Ya ga ba zai iya miƙa wa mutanen ofishin jakadancinsu wannan abu ba.

"To ita takardar fa?" in ji Saja, ya rage murya.

"Tana nan."

"Na san tana nan, ga ta can tana leƙe daga aljihunka. Ka sa hannu ko kuwa?"

"Shayinka zai huce, Saja."

Maganar takardar ba ta da tsawo. Ɗan ƙasar da ke cikin Ƙungiya ne kaɗai yake aiki a Ƙungiya, izinin zamansa a garin kuma da aikin yake tafe. Da yake matarsa 'yar nan ce, an ba shi zaɓi: ya karɓi zama ɗan wannan ƙasa ya ci gaba da aikinsa, amma dokar nan ba ta yarda da ƙasa biyu ba, sai ya ajiye tasa. In ya ƙi, yana da wata uku ya tattara ya koma gida. Su arba'in da ɗaya ne 'yan ƙasarsu a ma'aikatar. Kowa ya yanke shawara tuni, wasu sun tafi, wasu sun sa hannu. Shi kaɗai yake ta yawo da takarda a aljihu har ta fara laushi a wurin naɗin.

Yana shiga barandar ofis Hajiyar Fayil ta hango shi ta taga. Mace ce mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kullum tana neman na goshin.

"Baba Mai Tuta, kai kaɗai ka rage mini fa. Ƙarfe huɗu nake rufe wannan fayil, ba kuma ni na sa lokacin ba."

"Na sani, Hajiya. Zan zo."

"Haka ka ce ran Litinin."

Ya yi murmushi ya wuce sito. Ɗaki ne ƙarami mai warin sabulu da man keke, kanta goma sha biyu a bango. Yana cikin kwashe kayan kanta ta bakwai wayarsa ta yi ƙara. Yaya ne, daga gida. Su shida mahaifinsu ya haifa, yanzu su biyu suka rage, Yaya kuma ya ba shi shekara takwas.

"Ƙane, ka ji mu shiru ko? Nan gari sai ka ce ana rabon gado, wasu na murna wasu na zagi. Ni dai ba ruwana, abin da na sani an maido mini da ɗan'uwana." Ya yi tari, ya ci gaba. "Na sa an gyara rufin ɗakin Baba. Bishiyar da ka shuka a tsakar gida ma na hana a sare, ko da yake ta ishe mu da shara. Ƙafar nan tawa ce dai take ba ni wahala, in ba haka ba da ni zan tarbe ka a tasha."

"Yaya, ina bakin aiki. Zan kira ka da yamma."

"Kullum bakin aiki. To, aikin ai ya ƙare."

Ya ajiye wayar a kan keken ɗinki. Yana son Yaya, yana kuma son gidan nan da bai kwana cikinsa wata guda a jere ba tun yana saurayi. In ya ajiye fasfonsa, zuwa gida ya zama sai da biza, ga shi tun da aka fara rikicin ficewar nan ba wanda ya san yadda za a riƙa ba da ita, ko kwana nawa za ta ɗauka. Mutum mai ciwon ƙafa da tari, ɗan shekara sittin da shida, ba lalle ne ya jira biza ba. Abin da ya hana shi ɗaukar biro ke nan wata da watanni.

Ba ya zuwa gida da rana, amma yau ya ji sito ya yi masa ƙunci. Ya ce wa Saja ya sa ido, ya tari bas. Gidansu yana hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Tun daga matakala ya ga abin da bai gane ba: tukwanen furen matarsa guda biyar a jere ƙofar maƙwabciya. Ya tura ƙofa ya same ta zaune a ƙasa tsakiyar falo, ta baje kaya, ga almakashi ga allurai a baki.

"Lafiya da tsakar rana, Malam?" ta ce bayan ta cire alluran.

"Lafiya lau. Maman yara, furenki fa na gani a waje?"

"Na ba ta ta riƙa ba su ruwa. Ba a hawa mota da tukunya."

Ya zauna a hannun kujera. Kayan da ke gabanta na jarirai ne. 'Yarsu ɗaya tilo tana aure a ƙarshen gari, cikinta wata bakwai, na fari. Ya san Maman yara tana ɗinki tun kwanaki, bai dai taɓa tsayawa ya duba ba. Yanzu ya ga ta kasa su kashi-kashi, kowane kashi ta maƙala masa 'yar takarda da allura. Ya sunkuya ya karanta. Na haihuwa. Wata uku. Wata shida. Shekara ɗaya. Ya ɗaga wata riga daga kashin ƙarshe, ta fi sauran girma sosai, har da aljihu. An rubuta shekara uku.

"Wannan kuma fa? Yaron da bai zo duniya ba kike ɗinka wa rigar shekara uku?"

"To wa zai ɗinka masa? Uwarsa ko maɓalli ba ta iya sawa ba, kai ka lalata ta da boko." Ta karɓe rigar ta ninke. "Na dai yi da ɗan yalwa, tunda ba ganin girmansa zan yi ba balle in auna."

A kan tebur akwai wata takardar, ta jera sunayen magungunan hawan jininta, ta rubuta a ƙasa: a tambayi Yaya ko ana samu a can. Shekarunta hamsin da biyar, ba ta taɓa kwana a wani gari ba sai sau uku, duk ukun kuma rakiyarsa ta yi. 'Yan uwanta, ƙawayenta, kabarin iyayenta, duk suna cikin tafiyar bas ɗaya daga wannan falo.

"Wata goma sha biyu," ya ce, "ko sau ɗaya ba ki ce mini in zauna ba."

"Ba zan ce ba kuwa."

"Don me?"

Ta ɗago ta dube shi sosai. "In na ce ka zauna, ka zauna, ranar da aka bugo aka ce Yaya ya kwanta, kai kuma kana layin biza, wa za ka kalla? Ni za ka kalla. Ba za ka ce komai ba, na san halinka, amma za ka kalle ni. Gara in bi ka. Kai ka yi shekara ashirin da shida a garin mutane ba ka taɓa yi mini gori ba, ni ma ba zan mutu ba." Ta mayar da allura baki, ta yi magana ta gefe. "Ka ci abinci ko in zubo?"

Ya ce ya ƙoshi. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa kuma ya fi tausayin yawa. Shi yana can yana lallaɓa takarda a aljihu kamar shi kaɗai abin ya shafa, ita tana nan ta riga ta sallama jikanta. Ya miƙe. Ya fita. Da ya kai ga tukwanen furen ya ɗauki biyu ya dawo da su cikin barandarsu, ya koma ya kwaso sauran. Tana jin motsinsa, ba ta fito ba.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci ya shiga ofishin Hajiyar Fayil. Ta shiga neman tabaranta, ya nuna mata goshinta. Ya warware takardar a tebur, ya goge naɗin da tafin hannu, ya sa hannu wuri uku inda ta nuna.

"Saura fasfon, Baba."

Ya miƙa mata. Ta jawo wani ƙarfe daga aljihun tebur, irin na huda takardu amma babba, ta sa kusurwar fasfon ta danna. Ƙwas. Ta miƙo masa abinsa da huda a jiki.

"Ka ajiye don tarihi. Sabon zai fito nan da mako shida." Ta ga yadda yake juya shi a hannu, sai ta sassauta. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Amin, Hajiya."

Ƙarfe huɗu ba a yi wani taro ba. Shugaban ma'aikata ya sauko da mutum biyar, ofishin jakadanci kuma suka turo wani jami'i mai kwat da bai wuce sa'an 'yar Mai Tuta ba, yana ta duba agogo. Saja ne kaɗai ya ƙame ya sara, ba wanda ya sa shi. Mai Tuta ya kwance igiyar, ya sauko da tutar a hankali, ya tare ta da kafaɗa kafin gefenta ya taɓa ƙasa. Ya ninke ta yadda ya saba, tsawo sau biyu sannan kusurwa-kusurwa, ya miƙa da hannu biyu. Jami'in ya karɓa ya soke ta a hammata.

"An ce akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu da ke wannan aiki. Kai ne, Baba?"

"Ni ne nake aikin," in ji Mai Tuta.

Shugaba ya matso bayan motar ta fita. "Mai Tuta, gobe ka matso da ta takwas zuwa ta goma sha biyu, kada a bar giɓi a tsakiya. Sandar ƙarshe za a zo a cire ta."

"To, ranka ya daɗe."

Ya sauke sauran goma sha ɗayan, ya kai su sito, ya jera kowace a kantarta. Rana ta yi sanyi, ma'aikata suna ta fita. Ya zauna a kujerar keken ɗinki ya danna lambar Yaya. Bugu ɗaya aka ɗauka, da alama wayar tana hannunsa tun ɗazu.

"Yawwa, Ƙane. An sauke?"

"An sauke, Yaya."

"To madalla. Yanzu sai ka faɗa mini rana, in sa a share ɗakin."

"Yaya, akwai abin da nake so ka yi mini. Gobe in ƙafar ta bar ka, ka je ofishin shige da fice ka tambayo mini takardun da baƙo yake cikawa in zai zo ganin ɗan'uwansa. Ka ce musu zuwan zai riƙa yawa, ba sau ɗaya ba."

"Baƙo kuma? Wane baƙo za ka kawo mana?"

Mai Tuta ya gyara riƙon wayar.

"Ni ne, Yaya."

Can ɗaya gefen sai numfashin tsoho da kukan kaji daga tsakar gida. Mai Tuta ya duba ko layin ya yanke. Bai yanke ba.

"Ƙarfe nawa suke buɗewa?" in ji Yaya.