Ba Allura, Ba Inji

Warin ne ya fara dukansa, tun kafin ya ga bakin. Mai Batir ya durƙusa gaban Auta, ya tallabo haɓarta da yatsu biyu. Miyau na dalala har wuyan rigarta.

"Buɗe, uwata. Buɗe Baba ya gani."

Da ƙyar ta buɗe. Dasashin ya yi fari fat, gefen harshen ya saɓule, haƙorin da ya hana su sakat kuwa ya zama gari-gari kamar alli. Ya san warin nan. Shi yake wankewa daga hannunsa kullum kafin ya ci abinci.

"Ina kika kai ta?"

Matarsa ta raɓe jikin ƙofa. "Asibiti na fara kai ta, yadda ka ce. Kai ba ka ji kukan injin nan ba! Kamar ana huda bango. Yaron da ke gabanmu sai da ƙarti suka danne shi. Na sungumi 'yata na fito."

"Sai kuma ina?"

"Wurin Ba-Zafi. Maƙwabciya ce ta ce ɗigo ɗaya yake yi a kogon, ruɓar ta narke. Ba allura, ba inji."

Ba-Zafi! Mutumin nan mai farar riga da turare kamar an yi ɓari, mai zuwa shagonsa da kwalabe yana washe baki: "Injiniya, cika min da mai ƙarfin nan, banɗaki zan wanke." Shi kuwa yakan cika, ya ɗaure murfin da yankin robar taya don kada ya zuba, har da tsokana: "Kai wannan banɗakin naka ba ya fita ne?" Su yi dariya, su tafa.

*

Likitar haƙori ta daɗe tana haska bakin kafin ta janye takunkuminta.

"Da kun jira an kira ku," ta ce da matar Mai Batir. "Ba kowa muke sa wa inji ba. Yaro mai tsoro, akwai man da muke shafawa ya tausasa ruɓaɓɓen wurin kaɗai, mu kankare da hannu. Ya fi inji cin lokaci, shi ke nan aibinsa." Ta girgiza kai. "Wannan haƙorin ya tafi. Wanda ke ƙarƙashinsa bai fito ba tukuna, shi nake jin wa tsoro. Me aka zuba mata?"

Matar ta ce ba ta sani ba.

"Ruwan batir ne," in ji shi.

"Ya aka yi ka sani, Malam?"

Ya dubi yatsunsa da suka daɗe da cinyewa.

*

Rana na tsaka ya isa shagon Ba-Zafi. Bencin ƙofa cike da mata, kowacce da yaro mai kumburarren kumatu a cinya. Ta gefen labule ya hango kan teburin: auduga, tsinke, da kwalba mai ƙyalli, an manna mata takarda mai hoton haƙori yana murmushi. A wuyanta, ga robar taya nan, ɗaurinsa na kansa.

Ya juyo wurin matan.

"Ku tashi!" ya daka tsawa. "Guba ce! Ruwan batir yake zuba musu! Ku je asibiti!"

"Asibiti? A huda min ɗa kamar katako?" wata ta ce, ta ja tsaki.

"Hassada ce," in ji ta kusa da ita. "Dubi hannunsa ma."

Ba-Zafi ya leƙo. Da suka haɗa ido sai ya yi murmushi a hankali, ya ɗaga kwalbar kaɗan, ya shafa robar da babban yatsa. "A'a, Injiniya! Ka zo ka faɗa musu inda nake saye ne?"

Mai Batir ya ɓoye hannayensa a baya.

Wata tsohuwa ta gyara wa jikanta zama, ta taɓo gefen wandonsa.

"Ɗan nan, in naka ne ke ciwo, bi layi. Mu ma tun safe muke jira."