Baƙin Fenti a Rim ɗin Baba

Motar Baba ta girmi aurena. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar kamfani, ya ajiye aiki bai taɓa buge ko akuya ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha wannan labarin. Da ya sayi tasa, wankinta ma ba ya barin kowa ya yi masa.

Rigimarmu da shi a kan makullin motar nan ne. Likita ya ce yana da hawan jinin ido, kuma ganin gefe shi ke fara tafiya, musamman a idon dama. Ni na riga likita sani, don na ga Baba yana tsiyaya shayi a gefen kofi, na ga kafaɗarsa tana dukan ƙyauren ɗaki. Na ce ya ba ni makullin, duk inda zai je ni zan kai shi. Ya ce ranar da aka haife ni shi ya tuƙo ni gida daga asibiti. Ni kuma, Allah ya yi ni da baki, na ce ai ranar da ido biyu ya tuƙo. Kwana huɗu bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Ana cikin haka tayar gaba ta fara sacewa. Duk bayan kwana uku sai an ƙara mata iska. Mai faci ya tsoma ta a ruwa, ya juya, ya juya, babu ƙusa. Kumfar daga bakin rim take fita. Ya ce ƙarfen ne ya ciwu, robar ba ta kama shi da kyau, sai dai mu je wurin masu gyaran rim. Na ce zan raka Baba. Ya san ba don son rim zan bi shi ba, amma bai hana ni ba.

Shagon yana bayan layin masu walda. Rim ne rataye a ƙugiyoyi tun daga bakin ƙofa har ƙurya, ga warin tina da ake sirka fenti da ita, ga injin iska yana tari yana tsayawa. A ciki akwai tanda mai tsayin mutum, inda ake gasa fenti. Mai shagon dattijo ne siriri, Mai Rim kowa ke ce masa, da guntun alli a bayan kunne.

Ya ɗaga motar, ya kwance ƙafafun huɗu, ya cire tayoyin, ya wanke rim ɗin da ruwan sabulu, ya jera su a kan benci yadda suke a jikin motar, na hagu a hagu, na dama a dama. Sai a lokacin na ga irin cin da suka yi. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, inda ya ɓare kuma wani farin gari ne kamar ƙyasbi. Na ce ni na ɗauka tsatsa ja ce.

"Ta baƙin ƙarfe ke nan," in ji Mai Rim. "Wannan alminiyon ne, tasa fara ce. Ruwa ke samun ƙofa ya shiga ƙarƙashin fenti, ya yi ta ci ba a gani. Za mu jiƙa su a magani tsohon fentin ya saki, mu fesa musu yashi mai laushi, mu cike ramukan, mu goge da sanfefa. Bayan nan sai launi."

Ya zaro allinsa ya fara zagaye duk wurin da ke buƙatar ciko. Na hagu na gaba, zagaye ɗaya. Na hagu na baya, biyu. Da ya zo na dama na gaba sai hannunsa ya ƙi tsayawa. Bakin rim ɗin duk ƙarzuwa ce, irin wadda ake samu in an goga ƙafar mota da dakalin gefen titi. Wasu sun dushe, wasu kuwa sababbi ne fil, suna ƙyalli. Ya zagaye har allin ya kusa haɗe da'irar, ya koma na baya, shi ma kusan haka.

Ya yi 'yar dariya, ba da wata manufa ba, ya ce, "Baba, wa ke koyon tuƙi da motar nan?"

Na kalli Baba. Yana tsaye da makullin a hannu, ya zuba wa allin ido. Abin da na yi wata biyu ina nema ke nan, shaida a rubuce da alli, a gaban baƙo, ba yadda zai musa. Amma wallahi tausayinsa ne ya kama ni.

"Ni ce, Malam," na ce. "Har yanzu fakin yana ba ni wuya."

Mai Rim ya dube ni, ya dubi makullin da ke hannun Baba, ya mayar da allinsa bayan kunne. Ya ce kowa da haka ya fara, mu dawo jibi mu zaɓi launi.

A tasi muka koma gida.

Ranar da muka koma, rim ɗin sun fito tsirara, fari fat, sumul, kamar ba su taɓa ganin titi ba. Na shafa bakin na daman, ko alamar ƙarzuwa babu. Raina ya ɗan sosu, don na ga shaidata ta bi iska, kuma ni da bakina na taimaka.

A bango akwai guntayen ƙarfe da aka fesa wa launi iri-iri: ruwan azurfa, ruwan toka, ruwan tagulla, baƙi mai sheƙi, baƙi marar sheƙi. Tun a gida Baba ya ce ruwan azurfa yake so, yadda motar ta zo daga kamfani. Mai Rim ya ce ya yi daidai. Ya ciro guntun azurfar da guntun baƙin, ya ɗauki ƙusa ya ja layi a kan kowanne. A kan azurfar sai ka karkata shi ga haske kafin ka ga layin. A kan baƙin kuwa ya fito fari tas.

"Azurfa launin ƙarfen ne da kansa," ya ce, yana magana yana kallon bango. "In an goga, sai wanda ya durƙusa zai gani. Baƙi ba ya rufa asiri, daga tsallaken titi za a hango. Motar da mai koyo ke ja, azurfa nake ba da shawara."

Na gane abin da yake yi. Rufin asiri yake miƙa wa Baba, da ladabi, ba tare da ya kalle shi ba. Na ji haushinsa, na kuma ji ya burge ni.

Baba ya karɓi guntayen biyu. Ya daɗe yana juya su. Ya rufe idon hagu ya duba, ya buɗe. Sannan ya miƙa masa baƙin.

"Wannan za ka sa."

"Baba, ka ji abin da na ce kuwa?" in ji Mai Rim.

"Idona ne ke ciwo, kunnena lafiya lau."

Da muka fito bakin titi muna jiran tasi, ya ce, "Uwata." Haka yake kirana in ba faɗa muke ba. "Na ji ƙaryar da kika yi shekaranjiya. Kada ki ƙara yi mini irinta. Ni ban san na goga sau haka ba, uku na sani. Yanzu ga baƙi nan. Ranar da farin layi ya fito a kansa, makulli naki ne, ba sai kin tambaya ba."

Na so in ce in kuma layin farko ba a dakali aka yi shi ba fa, in a ƙafar ɗan wani ne? Maganar ta zo har bakina. Na ce masa dai sharaɗina shi ne ba babban titi, ba tuƙin yamma, daga gida sai kasuwa sai wurin abokansa. Ya ce ya ji.

Motar ta yi kyau da baƙin, ba ƙarya, har maƙwabta suna tsokanarsa wai ya koma saurayi. Tayar ta daina sacewa. Ni kuma na koma 'yar sintiri. Kullum da safe in na biyo gaishe shi kafin in wuce aiki, sai na zagaya ta dama na saci kallo. Ya san ina yi. Wata rana ma daga taga ya ce in goge masa ƙurar tunda na sunkuya. Haka muka yi mako bakwai.

Ranar wata Talata na shigo na same shi zaune a kan ƙaramar kujera kusa da ƙafar gaba ta dama. Gwangwanin baƙin man takalmi yana buɗe a ƙasa, ga tsumma a gefensa. A bakin rim ɗin akwai ƙarzuwa mai tsawon tafin hannu. Rabinta an shafe da man, an shafe da kyau, da ban sani ba da na wuce. Ɗaya rabin yana nan fari.

Na gaishe shi, ya amsa. Ya kalli yatsunsa da suka yi baƙi.

"Na fara," ya ce, "sai na ji kunyar kaina."

Ya laluba aljihu da hannun hagu don kada ya ɓata rigarsa, ya ciro makullin ya miƙo mini. Ya miƙo shi ɗan gefe da inda hannuna yake. Na matsar da hannun na karɓa.